Ina Aikin Gwamnati Ya Dosa? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa bin fayil a sakatariya ya haddace amsoshin nan: "Oga ba ya nan," "A dawo gobe," da kuma wadda ta shigo daga baya, "Babu sabis." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ma'aikata da 'yan fansho da masu neman aiki suka fi yi a kan sauye-sauyen da suka tunkaro aikin gwamnati. Najeriya na sa a gaba, sai inda abin da ya faru a wata ƙasa zai haska mana hanya.

Da gaske ne za a daina amfani da fayil ɗin takarda?

A matakin tarayya, haka aka ƙudura. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, wanda Didi Esther Walson-Jack ta karɓa a watan Agustan 2024, ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su koma aika wasiƙu da fayiloli ta kwamfuta. Aikin ya faro ne tun zamanin wadda ta gada, Folasade Yemi-Esan, cikin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025. Jihohi kuwa kowace da irin takunta, ƙananan hukumomi da yawa ma ko harama ba su yi ba. Har gobe in ka leƙa ɗakin ajiyar fayil za ka tarar da su jibge, an ɗaure da igiya, gara ta ci rabonta.

Ribar sauyin ba ta wuce abu ɗaya ba, amma babba ne. Fayil ɗin takarda ba ya tafiya da ƙafarsa, sai masinja ya ɗauka, kuma yana iya "ɓacewa" a aljihun tebur har sai mai shi ya gane karatun ya miƙa na goro. Na kwamfuta ba ya ɓacewa haka. Yana nuna ranar da ya shigo, da wanda ya buɗe shi, da yawan kwanakin da ya yi a gaban wane. Sai dai nunawa daban, hukuntawa daban. In na'ura ta ce fayil ya kwana arba'in a gaban darakta, kuma babu wanda zai iya ce wa daraktan uffan, to an canja wa tuwo suna ne kawai.

Me IPPIS da TSA suka canja a zahiri?

IPPIS, wanda aka soma a 2007, ya tattara biyan albashin ma'aikatan tarayya wuri ɗaya. Kafin nan kowace ma'aikata ke rubuta adadin mutanenta, a ba ta kuɗin a dunƙule ta raba. Yanzu daga tsakiya ake tura wa kowa nasa, ya ji alat a wayarsa.

TSA kuwa asusun bai-ɗaya ne a Babban Banki. An gwada shi tun 2012, amma sai a 2015 aka tilasta wa hukumomi shiga. A da, kuɗin gwamnati na warwatse a dubban asusu a bankunan kasuwa, ta yadda gwamnati kan ci bashi da ruwa daga bankin da kuɗinta ke kwance a ciki. Yau in za ka biya kuɗin makarantar tarayya, lambar Remita za ka ciro, kuɗin ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun kashiya ba.

Tsarin bai rasa masu ƙorafi ba, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen na da tushe. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi shekaru tana cewa IPPIS bai san yadda jami'a ke aiki ba: malamin da ke koyarwa a jami'a biyu bisa ƙa'ida, ko wanda ya tafi hutun bincike, duk na'ura ba ta da gurbinsu. A watan Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

To ma'aikatan bogi sun ƙare ke nan?

Ina! A farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwama shi da lambar BVN aka ga mutum ɗaya yana karɓa da sunaye barkatai. Wannan nasara ce. Amma ɓarawo ma yana zuwa makaranta. Da ƙofar akawu ta rufu, sai aka koma ta wanda ke riƙe da lambar sirrin shiga na'urar. A 2023 Majalisar Wakilai ta zauna bincike kan sayar da guraben aiki da cusa sunaye cikin tsarin albashin. Satar ba ta mutu ba, masu iya yin ta ne suka ragu, hannuwansu kuma suka ƙara tsawo. Shi ya sa mai binciken kuɗi na gobe dole ya iya karanta sawun da kowa ya bari a cikin na'ura, kamar yadda na jiya ya iya gane sa hannun jabu.

Me ya sa yanzu komai sai an ce kawo NIN?

Saboda gwamnati ba za ta iya yi wa mutum hidima ta na'ura ba sai ta tabbatar shi ne. Hukumar NIMC, mai ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, an kafa ta a 2007, amma rajistar ba ta yi ƙarfi ba sai a watan Disambar 2020, da aka ce duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba za a rufe shi. Yanzu waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 100, kuma fasfo, jarrabawar JAMB da buɗe asusun banki duk sun rataya a kanta. Indiya ta riga mu da tsarinta na Aadhaar, wanda ta soma a 2009, kuma ya ƙunshi mutane fiye da biliyan ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lamba ɗaya in ta buɗe kowace ƙofa, to kuskure ɗaya ma yana rufe kowace ƙofa. Na taɓa raka gwaggona tantancewar 'yan fansho. Mun isa da sassafe, ba mu shiga ba sai bayan azahar. Yarinyar da ke kan na'urar ta kama babban yatsanta ta danna a gilashi, wuta ta nuna ja. Ta ce, "Mama, goge hannun a zaninki." Aka goge, aka sake, ja. Shekaru talatin da alli da wanki da tuƙin tuwo sun shafe zanen yatsan, ga lalle kuma ya ƙara rufe abin da ya saura. Da aka koma kan takardu sai ga wata sabuwa: a takardar ɗaukar aiki Hauwa'u, a banki Hauwa, a katin ɗan ƙasa kuma an sa mata 1 ga Janairu, ranar haihuwar duk wanda ba a rubuta tasa ba. Yarinyar ta ce, "Wallahi Mama ba ni ba ce, na'ura ce ta ƙi." Gaskiya ta faɗa. Amma matar tana tsaye a gabanta, da rai da lafiya, kuma babu wani a ɗakin da ke da ikon rubuta cewa ya gan ta. Wata uku aka yi ba fansho.

Tsarin da aka gina da hankali yakan tanadi hanya ta biyu: hoton fuska in yatsa ya ƙi, shaidar mai unguwa ko dagaci in duka sun ƙi, da jami'i mai suna wanda zai sa hannu ya ɗauki alhakin.

Ƙirƙirarriyar basira (AI) za ta ƙwace aikin ma'aikata?

Wasu ayyukan, ƙwarai. Buga wasiƙa, taƙaita rahoto, rubuta bayanin taro, tace takardun masu neman aiki, amsa tambayar da ake yi sau ɗari a rana, duk na'ura ta fara yin su. Tafinta da mai buga tafireta sun riga sun ga irin wannan rana. Amma Najeriya ba yawan ma'aikata ne ciwonta ba, rashin daidaito ne: hedikwata ta cika maƙil da masu zaman jiran tashi, asibitin karkara kuma babu ungozoma, makarantar firamare malami ɗaya da ɗalibai ɗari. Na'ura ba ta karɓar haihuwa, ba ta duba shanu a ruga. In da za a yi dabara, waɗanda aikinsu ya ragu a ofis horar da su za a yi a tura su inda ake neman hannu. Ko za a iya, wannan magana ce ta siyasa da ƙungiyoyin ƙwadago, ba ta fasaha ba.

Idan na'ura ce ta yanke hukunci a kaina, wa zan kai wa kuka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ƙasashen da suka fi mu kayan aiki sun sha da ƙyar a kanta.

A Ostireliya, daga wajen 2016 zuwa 2019, gwamnati ta bar kwamfuta ta riƙa lissafa wa masu karɓar tallafi bashi. Sai ta ɗauki abin da mutum ya samu a shekara ta raba daidai a kan makonni, alhali mai aikin ƙwadago wani watan ya samu, wani watan babu. Dubban ɗaruruwan mutane suka sami takardar bashin da ba su ci ba, aka kuma ce su ne za su kawo hujjar wanke kansu. Daga baya aka tabbatar tsarin ya saɓa doka, gwamnati ta mayar da kuɗin, kwamitin bincike ya fitar da rahoto mai zafi a 2023.

A Holan kuma hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zamba a tallafin renon yara, ta ce su dawo da kuɗin. Cikin abubuwan da na'urar ke dubawa don ta ɗora alamar zargi har da asalin ƙasar mutum. Gidaje suka talauce, aure ya mutu. A watan Janairun 2021 gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus baki ɗaya saboda wannan.

A duka biyun, jami'ai sun ga alamun ɓarna da wuri, amma kowa ya fake da cewa na'ura ce ta faɗa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, ya nemi ɗan Adam ya duba. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan, kuma ofisoshi ƙalilan ne suka ware teburin da za a kai irin wannan kuka.

Bayanan da ake karɓa a kanmu suna cikin aminci?

Dokar da na ambata ta kafa hukuma ta musamman, kuma tana da ikon cin tarar duk wanda ya yi sakaci da bayanan jama'a. Amma ka dubi yadda ake yi a aikace. Yawancin mutane ba da kansu suke cike fom ba, shagon kwamfuta suke zuwa, su miƙa NIN da BVN da lambar waya ga yaron da ba su sani ba, shi ya ƙirƙiro musu lambar sirri ya rubuta a bayan rasit. Ta nan ɓarakar ta fi yawa. Kada ka bar kwafin takardunka a shago, kuma lambar da banki ya turo maka ta waya, ko wanda ya ce daga Abuja yake kira, kada ka karanta masa.

Ina aka kwana kan rahoton Oronsaye? Za a rage hukumomi?

Kwamitin Stephen Oronsaye, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don ya duba yadda za a rage hukumominta, ya miƙa rahotonsa a 2012. Ya ƙirga hukumomi 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Gwamnatoci biyu suka wuce ba a yi abin kirki ba. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin aiwatarwa, amma a cikin 2024 ɗin aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da sababbin hukumomin raya yankuna, ciki har da ta Arewa maso Yamma. Ba ina cewa ba su da amfani ba ne. Abin lura shi ne kowace hukuma tana da dokar da ta kafa ta, da kujerun da 'yan siyasa ke rabawa, da kwamitin majalisa da ke sa mata ido. Kafawa sauƙi, rushewa sai an koma majalisa. Ni dai ban sa ran raguwa mai yawa ba.

'Yancin ƙananan hukumomi zai canja wani abu?

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo da gwamnoni ke naɗawa ba su da gurbi a tsarin mulki. Kason nan ba ƙarami ba ne, kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, don har yanzu hukumomin zaɓe na jihohi ke shirya zaɓen, kuma kusan kullum jam'iyyar gwamna ke lashe komai.

Ko da kuɗin ya iso, akwai sauran rina a kaba. Tsofaffi suna tuna zamanin En'e, kafin gyaran 1976, lokacin da take da baitulmalinta da ma'aji da malaman daji da duba-gari mai leƙa randa. Shekarun da aka yi ana juya kuɗin daga babban birnin jiha sun bar sakatariyoyi da yawa ba injiniya, ba ƙwararren akanta, wasu ma sai ranar albashi ake ganin mutane. Zuba kuɗi a irin wannan wuri ba tare da an gina ma'aikata ba, zuba ruwa ne a kwando. Ga shi kuwa nan ne aikin gobe zai fi nauyi. Ƙidayar ƙarshe da aka yi ta 2006 ce, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna yawan 'yan Najeriya zai haura miliyan 350 zuwa 2050. Rajistar haihuwa, rigakafi, magudanar ruwa, kwashe shara, duk a wuyan ƙaramar hukuma suke. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta nuna abin da ake nufi da gwamnatin da ke kusa: wa ke da jerin gidajen unguwa, wa zai buga ƙararrawa cikin dare.

Yadda ake ƙarin girma zai sauya?

An fara. Tsohon fom ɗin shekara-shekara na APER, wanda kusan kowa ke samun "ya yi ƙoƙari sosai" in dai ba ya faɗa da ogansa, ana maye gurbinsa da tsarin da ake rubuta wa ma'aikaci abin da zai cim ma a shekara, a auna shi a kai. Jarrabawar ƙarin girma ta manyan jami'ai ma ta koma ta kwamfuta. Hatsarin shi ne mutane kan yi aikin da ake ƙirgawa su bar wanda ba a ƙirgawa. Ka ce wa jami'i za ka auna shi da yawan fayilolin da ya rufe, zai rufe masu sauƙi ya ture na gwaggona gefe.

Sannan ga batun albashi. Mafi ƙarancinsa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Matashin da ya iya rubuta manhaja zai sami ninkin albashin ma'aikacin gwamnati mai mataki na takwas yana zaune a ɗakinsa. Gwamnati na son ta koma ta na'ura, amma waɗanda suka iya na'urar ba ta iya riƙe su, sai ta ɗauko 'yan kwangila. Kwangila ta ƙare, su tafi da sanin yadda abin ke aiki.

Za a koma yin aiki daga gida?

Kaɗan-kaɗan. A lokacin korona an ce ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida. Kaduna ta koma kwana huɗu a mako tun Disambar 2021, Kwara da Edo kuma sun rage kwanakin zuwa ofis bayan cire tallafin mai a 2023. Galibi tsadar mota ce ta jawo, ba wani sabon tsari ba. Wanda ba shi da wuta da data a gida, hutu aka ba shi.

Talaka yana da hanyar sa ido kuwa?

Yana da ita fiye da da. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar wanda ya nemi bayani, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Akwai shafin baitulmalin tarayya da aka buɗe a ƙarshen 2019, inda ake wallafa manyan kuɗaɗen da aka biya. Ƙungiyar BudgIT na sauƙaƙa kasafin kuɗi, tana kuma bin sawun ayyukan mazaɓu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bagega a Zamfara. Gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankin tun daga 2010, an yi alƙawarin kuɗin tsaftace garin, kuɗin ya maƙale. Matasan ƙungiyar Follow The Money suka ɗaga murya a intanet tare da wasu ƙungiyoyi, a farkon 2013 aka saki kuɗin, aka yi aikin. Waya ce ta kai maganar Abuja, amma sai da wasu suka taka har garin suka gani da idonsu.

Me zai hana mu kwaikwayi Estoniya kawai?

Akwai abin kwaikwayo a wannan ƙaramar ƙasa ta Turai da ta yi suna wajen aikin gwamnati ta intanet. Tun 2001 suka haɗa rumbunan bayanan hukumominsu da tsarin X-Road, kuma ƙa'idarsu ita ce gwamnati ba za ta tambaye ka abu ɗaya sau biyu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wane jami'i ne ya leƙa bayanansa. Sai dai yawansu bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, ƙasa da mutanen birnin Kano nesa ba kusa ba, kuma kusan kowa ya iya karatu. Ruwanda ta fi kama da mu. Dandalinta na Irembo, wanda ya fara a 2015, ya tanadi wakilai a garuruwa da ke cike wa wanda bai iya ba. Wato abin da shagunan kwamfutarmu ke yi, amma su da rajista da sa ido.

In babu wuta, babu sabis, kuma mutum bai iya Turanci ba fa?

To ya tsaya a waje. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni aka yi mutane suna tafiya wata jihar don su aika saƙo ko su duba ko albashi ya shiga. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an ga yadda tura kuɗi ta waya ya riƙa maƙalewa da kowa ya koma kansa a lokaci guda. A Maris na 2024 kuma igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta fama. Duk hidimar da ba ta da hanyar yi in sabis ya ɗauke, ba a gama gina ta ba.

Batun harshe kuwa an fi yin shiru a kansa. Kusan duk shafukan gwamnati da Turanci suke, alhali miliyoyin mutane a Arewa da Hausar boko ko ajami suke karatu, wasu kuma saƙon murya kawai suke iya aikawa. A nan ne ƙirƙirarriyar basira za ta iya yin abin a zo a gani: manomi ya yi magana da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci a ƙaramar wayarsa, a gaya masa ranar rabon taki da takardun da zai zo da su. Kafin a kai can, sai an tara wa na'urar isasshen rubutu da muryoyi a waɗannan harsuna, har da karin Sakkwatanci da Katsinanci, kuma sai wani ofis ya yarda cewa abin da wayar ta gaya wa manomin shi zai tarar in ya zo.